TARIHI: Hanyar ƙanƙarar da ta ci jiragen Turawa, yau ga ta tana buɗewa da kanta



Tarihinmu na yau zai kai mu can ƙuryar arewacin duniya, inda teku kansa yake daskarewa. Ku manta da ƙanƙarar da muke saye a leda lokacin azumi. Wannan fili ne fari fat, iya ganinka, kaurinsa ya kai mita biyu ko uku, yana yawo bisa ruwa. Sunan wurin Tekun Aktik. Rasha, Norwe, Girinlan ta ƙasar Danmak, Kanada da Alaska ta Amurka, su ne suka kewaye shi. A tsakiyarsa, in rana ta faɗi sai ta yi wata shida ba a gan ta ba, in ta fito kuma ta yi wata shida ba ta faɗi ba.

Me ya kai mu can? Sama da shekara 400 ke nan Turawa na neman hanyar jirgin ruwa ta cikin wannan ƙanƙara zuwa ƙasar Sin da Japan, ta ci musu jirage, ta ci musu rayuka. Yanzu ɗumamar duniya tana narkar da ita, har ana cewa sabuwar hanyar za ta kashe kasuwar mashigin Suwez na Masar. Mu da ba mu da teku, mu da buhun shinkafa da babur ɗin kabu-kabu sai sun sauka tashar wata ƙasa kafin su iso gare mu, ya kamata mu san ko maganar na da tushe ko kuwa zuƙi-ta-malle ce.

ABIN DA YA SA SUKA NUFI AREWA

A shekarar 1498 Vasco da Gama, mutumin Fotugal, ya zagaya ta ƙasan Afirka ya isa Indiya. Tun 1494 kuwa Fotugal da Ispaniya sun riga sun raba tekunan duniya tsakaninsu da yarjejeniya, kamar masu rabon gado. Ingila da Holan suna son barkono, kanumfari da alharinin gabas, amma ƙarfinsu bai kai su ƙwace hanyar kudu ba a lokacin. Sai suka duba taswira. Duniya dunƙulalliya ce kamar lemu. Wanda yake kusa da kan lemu, in yana son zuwa ɗaya gefen, ya fi masa kusa ya ƙetara ta sama da ya bi ta wajen cikin lemun. Hanya biyu suka hango: ɗaya ta arewa maso gabas, bakin gaɓar Rasha, ɗaya ta arewa maso yamma, tsakanin tsibiran Kanada.

A 1553 Ingila ta tura jirage uku ƙarƙashin Hugh Willoughby. Guguwa ta raba su. Biyu suka laɓe a wata gaɓa ta arewacin Rasha don su jira sanyi ya wuce. Da shekara ta kewayo, masunta suka tarar da jiragen, mutanen ciki duka sun mutu. Na ukun, wanda Richard Chancellor ke ja, ya samu ya sauka, ya tafi har Mosko wajen sarki Ivan, ya ƙulla ciniki tsakanin Ingila da Rasha. Sin dai ba a kai ba.

Sai mutumin Holan, Willem Barents, ya gwada har sau uku: 1594, 1595 da 1596. A tafiya ta uku ƙanƙara ta matse jirginsa a tsibirin Novaya Zemlya. Shi da mutanensa suka gina ɗaki da itacen da ruwa ya kawo da katakon jirgi, suka yi wata da watanni cikin duhu, suna cin naman yanyawar ƙanƙara, suna faɗa da fararen namun dajin wurin. A watan shida na 1597 suka shiga ƙananan kwale-kwale biyu suka kamo hanyar gida. Barents ya cika a hanya. Ɗakin nasu sai a 1871 wani maharbin teku ɗan Norwe ya gano shi, da tukwanensu da littattafansu a ciki. Tekun da ke wurin sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Wanda ya fi tayar da hankalin Turai shi ne na John Franklin. A 1845 ya tashi daga Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, masu injin tururi da guzurin shekara uku, don ya fasa hanyar Kanada. Mutum 129 suka shiga ƙanƙarar, ko ɗaya bai dawo ba. Mutanen wurin, waɗanda ake kira Inuit, sun ba da labarin inda suka ga Turawan na jan kwale-kwale suna faɗuwa don yunwa, da inda jirgi ya nutse. A Landan aka raina maganarsu. To, a 2014 aka gano Erebus, a 2016 aka gano Terror, kuma labarin baka na Inuit, wanda kaka ta ba jika shekara 170, yana cikin abin da ya kai masu nema wurin. Mu da tarihinmu da yawa a bakin tsofaffi yake, wannan abin lura ne.

AN ƘETARA, AMMA KASUWA TA RIGA TA TASHI

Mutum na farko da ya ƙetara hanyar Rasha daga farko har ƙarshe shi ne Adolf Erik Nordenskiöld, da wani jirgin ƙasar Suwidin mai suna Vega. Ya tashi a 1878. Ƙarshen watan tara, saura masa tafiyar kwana ɗaya ko biyu ya kai mashigin Bering, wanda ya raba Rasha da Alaska, sai ƙanƙara ta rufe. Nan ya zauna kusan wata goma cikin maƙwabtakar ƙabilar Chukchi. A watan bakwai na 1879 ya kuɓuta, ya isa Yokohama ta Japan.

Ku ji abin dariya: da zai koma gida, ta mashigin Suwez ya bi. An buɗe Suwez tun watan Nuwamba na 1869, shekara tara kafin ya tashi. Abin da aka yi shekara 300 ana nema a arewa, wato gajeriyar hanya zuwa gabas, an riga an haƙa shi a rairayin Masar, kuma can babu ƙanƙara, jirgi na wucewa rani da damina. Ɗan Norwe Roald Amundsen shi ma ya ƙetara hanyar Kanada da ɗan ƙaramin jirginsa Gjøa, su bakwai a ciki, amma daga 1903 zuwa 1906 ya yi yana tafiyar. An tafa masa, an ba shi lambar girma. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗora kayansa a jirgin da sai ya shekara uku a hanya?

LOKACIN TARAYYAR SOBIYET

Waɗanda suka mai da ƙanƙarar hanya ta gaske su ne ƴan Sobiyet, kuma ba don cinikin duniya suka yi ba. Arzikinsu ne ke binne a Saberiya, katako da ƙarafa, babu titi, babu layin dogo a arewar, sai manyan koguna masu zubawa cikin Tekun Aktik. A 1932 jirginsu Sibiryakov ya ƙetara hanyar cikin bazara guda, karo na farko a tarihi. Farfelarsa ma ta karye kusa da ƙarshe, sai da suka ɗinka tamfol suka kama iska suka ƙarasa. A wannan shekara gwamnatin Stalin ta kafa hukuma ta musamman don kula da hanyar. A watan biyu na 1934 ƙanƙara ta murƙushe jirgin Chelyuskin, mutum 104 suka yi zango bisa ƙanƙara kusan wata biyu, har aka kwashe su da ƙananan jiragen sama. Matuƙan da suka yi aikin su ne na farko da aka ba lambar Jaruman Tarayyar Sobiyet.

Akwai ɓangaren da ba a so a faɗa a lokacin. Garin Norilsk, inda ake haƙar nikel da tagulla, da tasharsa ta Dudinka, fursunonin aikin dole ne suka gina su tun daga 1935, kuma dubbai sun mutu a wurin don sanyi da yunwa.

A 1959 suka fito da Lenin, jirgi mai fasa ƙanƙara na farko da ke aiki da makamashin nukiliya, wato ƙarfin iraniyom irin wanda ake haƙowa a Arlit. Irin wanga jirgi hawa yake yi bisa ƙanƙara da ƙirjinsa, nauyinsa ya farfasa ta, jiragen kaya su biyo bayansa a jere kamar ayari bayan madugu. A 1977 wani mai suna Arktika ya kai har tsakiyar ƙuryar arewa. Zuwa 1987 kayan da ke bin hanyar sun kai wajen tan miliyan 6 da rabi a shekara. A shekarar ce Gorbachev ya yi jawabi a Murmansk ya ce a shirye suke su buɗe ta ga jiragen waje, aka buɗe a 1991. Sai Tarayyar ta wargaje, kuɗin gwamnati ya yanke, kayan suka faɗo ƙasa da tan miliyan 2, garuruwan bakin gaɓa suka zama kusan kufai. Kun ga ke nan ƙanƙarar ba ta canza ba a waɗannan shekaru, mai riƙe da hanyar ne ya faɗi.

Amurkawa ma sun gwada tasu. Da aka gano man fetur a arewacin Alaska, a 1969 suka ɗaura wa wata ƙatuwar tankar ruwa mai suna Manhattan sulken ƙarfe, suka tura ta hanyar Kanada. Ta je ta dawo, da ganga ɗaya tak ta mai a matsayin shaida. Da suka buga lissafi, sai suka ga shimfiɗa bututu ya fi araha, aka gama shi a 1977. Tafiyar ta bar rigima har yau: Kanada ta ce ruwan cikin gidanta ne, Amurka ta ce mashigi ne na kowa da kowa.

ƘANƘARA TA FARA JA DA BAYA

Tun 1979 taurarin ɗan adam ke auna faɗin ƙanƙarar kullum. Tana kumbura lokacin sanyi har watan uku, tana raguwa lokacin zafi har watan tara. A shekarun 1980, in ta ragu iyakar raguwa, takan tsaya wajen murabba'in kilomita miliyan 7. A watan tara na 2012 ta sauko har miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Faɗin Nijar duka murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Wato abin da ya ɓace ya kusa Nijar uku. A 2023 da 2024 ta tsaya wajen miliyan 4.2 zuwa 4.3. Kuma tsohuwar ƙanƙara mai kauri, wadda ta shekara huɗu ko biyar ba ta narke ba, ta kusa ƙarewa. Wadda ta rage sabuwa ce, siririya.

Dalilin ba boyayye ba ne. Hayaƙin gawayin ƙasa, fetur da gas yana riƙe zafi a sararin sama. Amma me ya sa arewar ta fi ko'ina saurin ɗumama, har masu bincike suka ce ta kusa ninka sauran duniya sau huɗu? Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a watan huɗu ya san amsar. Farar ƙanƙara tana mai da hasken rana sama. In ta narke, baƙin ruwan da ke ƙasa ya shanye zafin, ya ƙara narkar da ta kusa da shi, haka abin ke ta cin kansa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda muka sani da GIEC, ya ce da alama kafin 2050 za a ga aƙalla watan tara guda da tekun zai kasance kusan babu ƙanƙara. A lura dai, maganar ƙarshen zafi ake. Lokacin sanyi zai ci gaba da daskarewa.

LISSAFIN ƳAN KASUWA

Daga Rotadam ta Holan zuwa Yokohama, in an bi Suwez, tafiyar ta kai wajen kilomita 21,000. Ta arewacin Rasha kuwa wajen 13,000. An rage fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan, na mai da na kwanaki. Shi ya sa ido ya koma can.

A 2009 jiragen kaya biyu na wani kamfanin Jamus, Beluga, suka bi ta daga Koriya ta Kudu. A 2013 jirgin Sin mai suna Yong Sheng ya bi ta zuwa Rotadam, a shekarar kuma Nordic Orion ya ɗauki gawayi daga Kanada zuwa Finlan ta hanyar da ta ci Franklin. A 2017 tankar gas mai suna Christophe de Margerie, sunan tsohon shugaban Total da ya rasu a haɗarin jirgin sama a Mosko, ta tashi daga Norwe ta kai Koriya ta Kudu cikin kwana 19 ba tare da ɗan rakiya ba. A 2018 Maersk ya gwada da jirgin kwantena guda.

To, ina aka kwana? A 2018 Putin ya ba da umarni cewa zuwa 2024 kayan da ke bin hanyar su kai tan miliyan 80. Da shekarar ta zo, wajen miliyan 38 aka samu, bai kai rabi ba. Kuma mafi yawansa gas ne, fetur da ƙarafan Rasha ake fitarwa daga tashoshi irin su Sabetta da Dudinka. Jiragen da suka ratsa ta daga wannan baki zuwa wancan, wajen ɗari ne a shekarar. Suwez kuwa, a 2023, jirage kusan 26,000 suka wuce ta cikinsa. Abin da hanyar ƙanƙara ke gani a shekara, a 2023 Suwez ya gan shi cikin kwana biyu.

Dalilan suna da yawa, kuma duk mai harkar sufuri zai gane su. Jirgin kwantena kamar motar tasha ce mai jadawali, ranar da aka ce zai iso Rotadam dole ya iso, ƙanƙara kuwa ba ta san jadawali ba. Iska na iya turo ta ta toshe mashigi cikin dare ɗaya. A watan Nuwamba na 2021 sanyi ya sauko da wuri, jirage wajen ashirin suka maƙale, sai da aka turo masu fasa ƙanƙara. Sannan wasu mashigan bakin gaɓar ba su da zurfi, akwai inda ruwan bai wuce mita 13 ba, alhali manyan jiragen kwantena na yau suna nutsewa kusan mita 16. Jirgi mai sulken ƙanƙara ya fi tsada, kuɗin asirans ya fi yawa, ga ladan rakiya da ake biyan Rosatom, kamfanin nukiliyar Rasha da aka damƙa wa hanyar a 2018. Babban dalili kuma shi ne rashin kasuwa a hanya. Mai bin Suwez yana sauke kaya yana ɗaukar wasu a Singafo, Kolambo, Jidda da tashoshin Bahar Rum. Mai bin arewa zai yi dubban kilomita bai ga garin da zai sayar da ko kwali ɗaya ba. Kuma ribar nisan tana raguwa in ka gangaro kudu: ga Japan da Koriya tana da yawa, ga Shangai ta ragu, ga Singafo babu ita sam.

Sunayen da kuke gani jikin kwantenonin da ke shigowa Maraɗi ma sun faɗi matsayinsu. CMA CGM na Faransa ya sanar a 2019 cewa jiragensa ba za su bi ta ba, MSC da Hapag-Lloyd suka bi sahu. Bahaushe dai ya riga su: hanyar lafiya a bi ta da shekara.

TO ME YA SA MANYA KE RIBIBINTA?

Saboda ita ma Suwez ba kullum take lafiya ba. Bayan yaƙin 1967 an rufe ta shekara takwas, har 1975, jirage 15 suka tsufa a ciki. A watan uku na 2021 jirgi ɗaya, Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gicciye ya toshe ta kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi layi. Daga ƙarshen 2023, hare-haren ƴan Huti na Yaman a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanoni suka koma zagaye ta ƙasan Afirka, hanyar Vasco da Gama, da ƙarin kwana goma ko fiye. Kuɗin da Masar ke samu daga mashigin ya faɗi da fiye da rabi a 2024. Duk ƙasar da cinikinta ya rataya ga ƙofa ɗaya tana neman ta biyu, ko da ta bayan gida ce.

Sin, wadda ko taku ɗaya ba ta da shi a bakin Aktik, ta samu kujerar ƴar kallo a majalisar ƙasashen yankin a 2013, a 2018 kuma ta fito da takardar manufa tana kiran hanyar da sunan hanyar alharini ta ƙanƙara. Rasha tun 2007 ta tura ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ya kafa tutarta a ƙasan teku, zurfin sama da mita 4,000, daidai tsakiyar ƙuryar. Ita kaɗai ce a duniya ke da garken jiragen fasa ƙanƙara na nukiliya. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, kamfanonin Yamma suka janye, hanyar ta ƙara zama ta Rasha da Sin. In ƙanƙarar ta ci gaba da raguwa, wata hanya ta uku na iya buɗewa ta tsakiyar tekun, nesa da gaɓar kowa, inda ba a biyan kowa ladan wucewa. Wannan ita ce Rasha ba ta so.

Masu wurin kuma fa? Mutum wajen miliyan huɗu ne ke zaune a yankin. Ga Inuit, ƙanƙarar ita ce titinsu da dajin farautarsu, jirgin da ya fasa ta ya yanke musu hanya. Ƴan ƙabilar Nenets makiyaya ne masu tashi da sauka da garken wata irin barewa. A 2013 ruwan sama ya sauka lokacin da bai saba ba, ya daskare bisa ciyawa, dabbobinsu dubbai suka mutu da yunwa. Makiyayin Tawa ko Abalak ba ya bukatar a fassara masa wanga baƙin ciki. In kuma tanka ta fashe a can, mai ba ya saurin lalacewa cikin sanyi, kuma tashar ceto na iya zama tafiyar kwanaki. An kafa dokar jiragen yankin ƙanƙara a 2017, an hana amfani da baƙin mai mai kauri daga watan bakwai na 2024, amma an bar ƙofofin sassauci har 2029.

MU MA MUN TAƁA GANIN HANYA TA TASHI

Zamanin Sarki Tanimun, Damagaram babban zango ce a hanyar da ta taso daga Tarabulus, ta bi Gadamas, Gat da Abzin ta ƙare Kano. Raƙuma dubbai na kawo yadi, takarda, sukari da bindigogi, suna komawa da fatu, hauren giwa da gashin jimina, da bayi kuma, don shi ma yana cikin tarihin. Attajirai irin su Malam Yaro a wannan hanya suka yi suna. Sai jiragen tururi suka yawaita a gaɓar Ikko, layin dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke yin wata uku ko fiye da su a hamada suka koma zuwa ta kudu, da sauƙin kuɗi. Cikin ƴan shekaru babban ayari ya mutu. A 1926 ma aka ɗauke babban birni zuwa Yamai, ko da yake wannan yana da nasa dalilan.

Amma ayarin gishirin Balma da Fashi bai mutu ba, don kayansa a can suke fitowa, ba ratsawa kawai suke ba. Hanyar ƙanƙara ta Rasha a yau ta fi kama da wannan ayarin: tana raye saboda gas da nikel da ke bakinta. Kafin ta zama irin hanyar Tarabulus a zamanin ƙarfinta, wadda kayan wasu ƙasashe ke ratsawa, da sauran tafiya mai nisa.

Ga mai jiran kwantena daga Sin kuwa, gaskiyar magana ita ce hanyar ba za ta rage masa ko kwana ɗaya ba. Kayanmu ta Tekun Indiya suke biyowa, su zagayo ta ƙasan Afirka ko su bi Suwez, su sauka Lome ko Kwatano. Inda abin ke taɓa mu shi ne farashi. Jiragen duniya da kwantenoninsu garke ɗaya ne. Da Bahar Maliya ta rikice a 2024, kuɗin dakon kwantena daga Asiya zuwa Turai ya ninka, sauran hanyoyi ma suka ji a jikinsu. Mun kuma ɗanɗana a gida daga 2023, da aka rufe iyaka da Benin kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina, kowa ya ga yadda buhu ya tashi a kasuwa. Jirgi bai canza ba, teku bai canza ba, ƙofa ce kawai aka rufe.

Sannan zafin da ke buɗe musu teku shi ne dai ke dama mana yanayi. Damina ta 2024 ta rusa gidaje dubbai a jihohin Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, kuma masana sun ce ɗumamar duniya na ƙara wa irin wannan ruwa ƙarfi. Waɗanda suka fi kowa sakin hayaƙin su ne yau ke lissafin ribar narkewar, har da haƙo sabon gas daga inda ƙanƙara ta janye.

Don haka in kun ji an ce hanyar ƙanƙara ta kashe Suwez, ku tambayi abu uku: wata nawa take buɗe a shekara, jirgi nawa suka ratsa ta, kuma mabuɗin yana hannun wa? A yau amsar ita ce wata uku zuwa huɗu ga jirgin da ba shi da sulke, jirage wajen ɗari, mabuɗi kuma a Mosko. Yaran da ke lakkol yanzu za su ga waɗannan alƙaluma sun canza. Fatanmu shi ne kafin lokacin, ƙasarmu ta samu ƙofa fiye da ɗaya zuwa teku, don mutanen Zangon Damagaram na 1911 su ma sun ji labarin jirgin ƙasa daga nesa, suna ganin bai shafe su ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sauƙaƙa wa talaka. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.